Shawarwari Daga Aboabo Kan Aika Imel Barkatai

A zaman da wasu 'yan kasuwa masu shafukan intanet suka yi a Aboabo, Kumasi, an tattauna dalilin da ya sa kamfanonin da ke ajiye shafuka suke rufe asusun wanda ya aika talla ga mutanen da ba su nema ba. Wani matashi mai gyaran kwamfuta ya bayyana cewa galibin ƙananan shafuka suna zaune ne a na'ura ɗaya da adireshin IP ɗaya (wato lambar da ake gane na'ura da ita a intanet), don haka idan mai sayar da atamfa ya watsa saƙo ga dubban baƙi, ƙungiyoyi masu yaƙi da imel barkatai irin su Spamhaus na iya sanya adireshin cikin jerin waɗanda ake toshewa, sai wasiƙun maƙwabtansa a na'urar su daina isa alhali ba su ji ba ba su gani ba. A ganina wannan ne ya fi dacewa kowa ya riƙe.

An ja kunne sosai kan sayen jerin adireshin imel na mutane, domin Dokar Kare Bayanai ta Ghana ta 2012 ta sharɗanta amincewar mutum kafin a yi amfani da bayanansa wajen talla. Tun 2024 kuma Gmail ya wajabta wa masu aika saƙo 5,000 a rana su sanya hanyar cire suna da dannawa ɗaya.

Wata hajiya ta ƙara da cewa a adana shaidar ranar da kowane mai saye ya amince, domin wannan shaidar ce kamfanin da ke ajiye shafin zai nema idan aka kai ƙara.