Harsashin bogi a atisayen harbi: abin da malaman harbi suka tsayar

Kan yadda ake amfani da harsashin bogi a atisayen ƙaramar bindiga, shawarar malaman harbi ita ce a cusa 'yan kaɗan cikin magazin (gidan harsashi) tare da na gaske, kuma abokin atisaye ne zai loda, don kada mai harbi ya san gurbinsu. Na bogi ba albarushi a cikinsa, saboda haka kunama za ta yi ƙas kawai. Nan take a yi abin da ake yi in bindiga ta ƙi tashi: a buga gindin magazin da tafin hannu, a ja marfin saman bindigar baya da ƙarfi, a sake. Idan bakin bindiga ya duƙa lokacin ƙas ɗin, mai harbi yana zabura ne kafin ƙara, kuma wannan aibi ne da sai an gyara.

Don kwaikwayon maƙalewar kwanson harsashi, a sa fankon kwanso a ramin da bindiga ke fitar da shi bayan harbi.

An ja kunne sosai kan abu ɗaya: in ƙarar harbi ta fito da rauni, a tsaya. Mai yiwuwa harsashi ya maƙale cikin bututu, harba wani na iya fasa bindigar. A zaɓi na bogi mai launin lemo, a ƙirga su kafin atisaye da bayansa, a jefar da wanda gefen gindinsa ya cinye.