An taya jarumin da nake zanawa: in sayar ko in ba da haya?

Mai Zane, Argungu:

Assalamu alaikum. Shekara huɗu ke nan ina zana labarin wani yaro masunci wanda ya gaji gora da homa daga kakansa, kuma yake jin maganar halittun da ke ƙarƙashin ruwan kogin Matan Fada na nan Argungu. Da fensir na fara a bayan tsofaffin takardun jarrabawa, daga baya na koma zanawa a waya ina sakawa a Facebook duk ranar Juma'a. A watan jiya wani furodusa ya zo har gida, ya ce yana so ya mayar da labarin fim, ya ajiye mini takarda mai shafi biyu tare da tayin naira 400,000. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne layi guda da ke cewa na bar masa yaron da duk abin da ya danganci shi har abada. Na sha jin cewa Spider-Man na kamfanin Marvel ne amma Sony ke yin finafinansa, don haka nake roƙon masana su bayyana mini yadda hakan ya faru, ko na gane irin cinikin da ake so in shiga.

Tsohon Malami, Birnin Kebbi:

Wa alaikumus salam, ɗana. Tun da ɗan Argungu ne kai, ka san bambancin mutumin da ya sayar da fadamarsa da wanda ya ba da ita haya ta noman rani ɗaya. Na biyun zai ga wani yana yankan shinkafa a gonarsa, amma ya san ranar da za ta dawo hannunsa. Lasisin fim haya ce, kuma takardar da aka kawo maka ta sayarwa ce.

Marvel ya shiga matsin kuɗi har ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a Disambar 1996, kuma a waɗannan shekarun ne ya riƙa raba haƙƙin yin fim da jarumansa ga duk mai iya biya: X-Men suka tafi hannun Fox, Spider-Man ya tafi hannun Sony a 1999. Littattafan zanen ba su bar hannun Marvel ba, ikon yin fim kawai aka ba da. Sai dai hayar ta zo da sharaɗin cewa muddin mai haya yana ci gaba da fitar da fim cikin wa'adin da aka yanka, haƙƙin yana nan a wurinsa. Shi ya sa har yau, duk da Disney ya sayi Marvel a 2009 a kan kimanin dala biliyan 4, sai da aka zauna da Sony aka ƙulla sabuwar yarjejeniya a 2015 kafin Spider-Man ya shiga fim ɗaya da sauran jaruman gidansu a 2016. X-Men kuwa ba su dawo ba sai da Disney ya saye sashen finafinan Fox ɗungurungum a 2019.

Wannan sharaɗin wa'adi kaifi biyu ne da shi. Wani furodusa Bajamushe mai riƙe da haƙƙin yin fim da Fantastic Four, wasu jaruman Marvel, da ya ga wa'adinsa zai ƙare a ƙarshen 1992, sai ya sa aka ɗauki fim a gaggauce da ɗan kuɗi don kada haƙƙin ya kuɓuce masa, kuma fim ɗin bai taɓa fita kasuwa a hukumance ba. Amma irin wannan sharaɗin ne ya dawo wa Marvel da Iron Man a 2005, da masu riƙe da shi suka kasa yin fim, kuma da shi Marvel ya fara yin finafinansa da kansa a 2008.

Wanda ya kamata ya zame maka izina shi ne Superman. Samari biyun da suka ƙirƙire shi, Jerry Siegel da Joe Shuster, suka sayar da shi kacokan a 1938 a kan dala 130. Sun yi shari'a sun sha kaye, sun tsufa cikin talauci, sai a 1975, lokacin da ake shirin babban fim, aka yanka musu dala 20,000 kowanne a shekara, aka kuma mayar da sunayensu kan aikinsu.

Ɗan Kasuwa, Jega:

Malam, a gafarce ni, amma ina ganin an ɗora wa yaron nan kaya fiye da ƙarfinsa. Superman guda nawa aka yi a duniya? Jarumai nawa aka zana aka manta da su a cikin akwati? Furodusan nan shi zai biya 'yan wasa, ya ɗauki hayar kwalekwale da kyamara, kuma idan fim ya faɗi shi kaɗai zai yi asara. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. In ni ne, zan nemi ƙari a kan kuɗin, in karɓa, in zauna in zana wani sabo, tun da hannun da ya zana na farko yana nan.

Lauya, Gusau:

Alhaji na Jega ya faɗi gaskiya a kan haɗarin da mai zuba kuɗi yake ɗauka, kuma saboda haka ne bai dace a kori furodusan ba. Amma ba dole ne a zaɓi tsakanin sayar da komai da hana komai ba, domin haƙƙin mallaka ba dunƙule ɗaya ba ne. Ana iya yanka shi kashi-kashi. Akwai ikon yin fim guda, akwai ikon yin ci gabansa, akwai na zane mai motsi, akwai na buga hoton yaron a jikin riguna da jakunkunan makaranta, akwai kuma na ci gaba da wallafa labarin kansa. Ko a batun Spider-Man, kuɗin riguna da kayan wasan yara ba Sony ke kwasa ba, gidan Marvel suke shiga. Idan ka sa hannu a kan layin nan na bar masa yaron har abada, ƙanena, ranar Juma'a mai zuwa ma sai da izininsa za ka saka sabon shafi.

Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, tana kare zanenka tun daga ranar da ka yi shi, tsawon rayuwarka da shekara 70 bayanka, kuma ba ta amincewa da sayarwa ko lasisin keɓe ga mutum ɗaya sai a rubuce. Ma'anar wannan ita ce abin da ke cikin takarda ne zai yi aiki, ba alkawarin da aka yi maka a zaure ba. Ina ba ka shawarar ka nemi lasisin fim ɗaya na shekara biyu ko uku, da sharaɗin cewa haƙƙin zai dawo maka idan ba a fara ɗauka ba cikin wa'adin, da sunanka a farkon fim, da kaso daga kuɗin da fim ya shigar. Kada ka yarda a ce kaso daga riba, domin riba takan ɓace a cikin lissafin wanda ke riƙe da littafin. Ka adana tsofaffin takardun jarrabawar nan, su ne shaidar cewa kai ka fara.

Mai Zane, Argungu:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na kira shi jiya da dare na karanta masa sharuɗɗan da Barista ta lissafa. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce ya yarda da shekara uku da sunana a fim, amma kuɗin zai koma 250,000, kuma yana so a bar masa riguna. Na ce masa riguna suna wurina. Ranar Litinin zan kai takardar wurin wani lauya a Birnin Kebbi kafin mu sake zama.