Wace mujalla ce za ta karɓi binciken kofin Mambila?

Malam Buba: Salamu alaikum. Bincike ne kan kofi irin arabika a Kusuku da ke tsaunin Mambila, an gwada itatuwan da ke ƙarƙashin inuwa da na rana, girbi biyu. Wace mujalla ta dace?

Dakta Hadiza: Wa alaikumus salam. Coffee Science ta Jami'ar Lavras a Birazil. Kofi kaɗai take bugawa, kuma kowa na karantawa kyauta. In inuwar ce jigon aikin, Agroforestry Systems.

Malam Sani: Field Crops Research fa?

Dakta Hadiza: Ba gidansa ba ne. Masara, shinkafa, alkama da dawa suke so, itace mai shekaru edita zai dawo da shi tun kafin ya kai ga masu tantancewa.

Farfesa Garba: Malam Buba, dakata da maganar mujalla tukuna. Girbi biyu ne abin da zai kayar da takardar. Arabika tana yin yabanya sosai shekara ɗaya, ta ja baya a ta gaba, domin 'ya'yan sun cinye abincin da sabbin rassa za su yi amfani da shi. Itacen rana wannan hawa da saukar ta fi tsananta masa, inuwa kuwa tana sassauta ta. To in ka fara da shekarar yabanya, rana ce za ta yi nasara, in ka fara da ta hutu, inuwa ce. Mai tantancewa ya san haka. Girbi huɗu a jere, wato zagaye biyu, shi ne mafi ƙarancin abin da zan amince da shi.

Na biyu, a faɗi abin da aka auna. Jan 'ya'ya ne daga itace, ko mai ɓawo bayan wanki, ko ɗanyar ƙwaya? Jan 'ya'ya kilo 5 zuwa 6 ne ke ba da kilo ɗaya na ƙwaya. Don samun nauyin ƙwaya, mai ɓawo ana ninka shi da 0.80, busassun 'ya'ya da 0.50. Takardu da yawa sai su rubuta kilo a hekta kawai, ba wanda zai iya kwatanta su da aikin wani. A rubuta laima kuma, kashi 11 ko 12 cikin 100, da yadda aka auna ta.

Sannan itace 30 a fuloti ɗaya ba maimaicin gwaji 30 ba ne, ɗaya ne. Fulotin ake ƙirgawa.

Malam Buba: Allah ya ƙara basira, Farfesa. Fuloti huɗu ne ga kowane ɓangare. Amma ƙarin girma ba zai jira shekara biyu ba.

Farfesa Garba: To raba aikin. Cutar tsatsar ganye da ka ƙirga wata-wata takarda ce mai zaman kanta, Crop Protection na karɓar irinta. Amfanin gona ka bar shi ya cika.

Malam Sani: Wai kofi ne ko gahawa? Iyayenmu gahawa suke cewa.

Hajiya Rabi: Gahawa ita ce dafaffiya a buta, da citta da kanumfari. Itacen a gona kofi ne.

Malam Sani: Ban yarda ba, Hajiya. 'Yan uwanmu na Sudan ma za su ba ki wani sunan.

Dakta Isa: A yi hattara da mujallu masu turo wasiƙa cewa za su buga cikin mako biyu. A duba sunan a DOAJ, kundin mujallun da ake karantawa kyauta, a duba jerin waɗanda Scopus, rumbun da ke tantance mujallu, ta cire, domin wasu na ci gaba da liƙa tambarinta bayan an kore su. Kuɗin bugu kuma a nemi rangwame tun ranar turawa, bayan an karɓa ba sa saurara.

Hajiya Rabi: Ni ban ga laifin mujallun da ke AJOL, dandalin mujallun Afirka a intanet, ba. Ma'aikacin CRIN, cibiyar binciken koko da kofi ta Najeriya, da malamin gona na Gembu a Mambila can za su sami aikin.

Dakta Isa: Kwamitin ƙarin girma ne matsalar, ba mu ba.

Dakta Hadiza: Malam Buba, in akwai gwajin ɗanɗano a ciki: garin kofi giram 8.25 ga ruwa mililita 150, kofuna 5 ga kowane samfuri, masu ɗanɗano aƙalla 3 da ba su san wanne ne wanne ba. Ka rubuta tsayin gonar daga teku da sunan itacen inuwar.

Malam Buba: Ba mu yi ɗanɗano ba, amma mai ɓawon bara na nan a buhu.

Dakta Hadiza: Na bara ya tsufa, zai ba da ɗanɗanon buhu. Jira girbin bana.