Allurar barci da allurar kashe jijiya a haɗe, lafiya kuwa?

Ɗan Kurna:
Salam jama'a, don Allah masu aikin asibiti ku taimaka min. Ƙanina ne adaidaita sahu ta buge shi a kan babur shekaranjiya, ƙashin cinya ya karye, jibi za a shiga da shi tiyata a sa masa ƙarfe. Likitan da ke sa barci ya ce bayan barcin kuma za su yi masa wata allura a gindin cinya ta kashe jijiyar ƙafar. Hajiyarmu tun jiya ba ta runtsa ba, wai kar ƙafar yaronta ta shanye. Ni ma abin ya ɗaure min kai, wanda ke barci me zai ji?

Nas ɗin tiyata:
Allah ya ba shi lafiya ɗan'uwa. Kowacce da aikinta. Barcin hankali yake ɗaukewa amma jiki yana sane da yankan, mu da ke ciki muna ganin bugun zuciya yana tashi a na'ura, sai a yi ta ƙara magani. Ita ta jijiyar da sikanin ake nemo jijiyar a zuba magani irin su bupivacaine a gefenta, ba a cikinta ba, sai zafin ya rasa hanyar wucewa. Kuma babban amfaninta ma sai ya farka, wani ya kai awa 12 ko fiye bai ji raɗaɗi ba, ka ga an rage masa magungunan zafi irin su morphine da pethidine masu sa amai da jiri. Ka ce wa Hajiya ƙafar za ta yi nauyi kamar ba tasa ba amma tana sakewa, lalacewar jijiya ba kasafai ake samu ba.

Maman Ƴan Biyu:
An yi wa maigidana bara. Ku dai tsare shi kar ya ce zai taka, nawa cewa ya yi ai ya warke zai je banɗaki da kansa, da ƙyar muka riƙe shi wallahi. Sannan in an kawo maganin zafi ya sha ko ba ya jin komai, don mu cikin dare allurar ta sake shi, mutumin da bai taɓa kuka a gabana ba sai ga hawaye.

Nas ɗin tiyata:
Gaskiyarki Hajiya. Na manta, in kun ga ƙafar na ta kumbura ta yi tauri, ko zafi na ƙaruwa duk da allurar, ku kira nas take kar ku jira zagayen safe, an fi ganin haka a karayar ƙwauri amma dai ku sa ido. Kuma ka keɓe da shi ka tambaye shi ko yana shan tramadol ko wani abu, ya faɗa wa likita gaskiya, ba tonon asiri ba ne. Abinci a daina awa 6 kafin aiki, ruwa awa 2, sai dai in likitansa ya faɗi wani abu daban.

Ɗan Kurna:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Yanzu zan karanta wa Hajiya. Ku sa shi a addu'a, ƙarfe 9 na safe aka ba mu.