E1 a injin gudu: wuta ce ko ƙura?

Maman Biyu: Salamu alaikum 'yan uwa. Injin gudun motsa jiki da ke falona sai ya tashi kamar daƙiƙa biyar ya tsaya cak, allo ya nuna E1. Maigida ya ce wuta ce, a sayo sitabilaiza. Haka ne?

Alhaji Ƙarami: Gaskiyarsa. Duk wata E da kika gani a injin nan, wuta ce. Moto mai ƙarfin doki 2 kusan wat 1,500 yake nema, sai a ɗora shi kan ɗan ƙaramin janareta a ce ya yi gudu.

Injiniya: Ranka ya daɗe, "duk" ɗin nan ta yi yawa. Kowane kamfani da ma'anar lambobinsa, littafin injin ne alƙali. A da yawansu E1 na nufin allo bai ji saƙon gudu ba. Akwai ɗan sansa kusa da moto ko rolar gaba, shi ke ƙirga juyi. In ƙurar hunturu ta rufe shi, ko ya goce, injin sai ya tashi, ya saurara, ya ji shiru, ya kashe kansa. Daƙiƙa biyar ɗin nata ke nan.

Alhaji Ƙarami: To nawa fa da bod ɗinsa, wato farantin lantarkin da ke sarrafa moto, ya ƙone?

Injiniya: Ba na Amurka ka sayo ba, mai 120, ka jona shi a 230 ba tiransifoma? Wannan ai ba lamba ya nuna ba, hayaƙi ya yi.

Ɗan Auta: Yaya Injiniya, a bar tone-tone. Ni man juye nake ɗiga wa nawa, lafiya lau.

Injiniya: Daina tun yau! Man silikon kaɗai ake sa wa ƙarƙashin bel ɗin da ake takawa, man juye cin sa yake yi. Hajiya, zare filogi, ki ba shi minti goma don bod na riƙe wuta, sannan a buɗe murfin moto. Ki zura hannu ƙarƙashin bel ɗin kuma, ki ji ko ya bushe.

Maman Biyu: An buɗe. Subhanallah, ƙura kamar auduga, har da murfin biro na yara. Ƙarƙashin bel kuwa ƙamas. Mun goge, ya yi minti ashirin bai tsaya ba.

Alhaji Ƙarami: Duk da haka a sayi sitabilaizar. Wutar daren jiya ko fanka ba ta juyawa.

Injiniya: Wannan kam ban musa ba. Amma silikon tukuna, Hajiya.