Don Allah da wace kalma zan kwatanta 'yar kawuna ban ci mata fuska ba?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun jiya na kasa barci. Abokin maigidana ne matarsa ta rasu bara, ta bar masa yara uku. Mutumin kirki ne, yana sayar da atamfa a Kantin Kwari, shi ya tsaya mana lokacin da maigidan ya kwanta rashin lafiya, har kuɗin makarantar yara ya biya zango guda, bai taɓa tayar da zancen ba. Da azumi ya zo shan ruwa gidanmu, ya ci sinasir ya yi ta santi, ya ce wa ya yi. Na ce 'yar kawuna ce ta zo taya ni aiki, amma ta tafi. Daga nan maganar aure ta tashi. Jiya yayarsa ta kira ni wai in kwatanta mata yarinyar kafin su zo ranar Asabar. Na faɗi hankalinta da karatunta da girkinta, sai ta ce "a jiki fa, yaya take?" Na ce sabis ba kyau, na kashe waya. Gaskiya tana da ƙiba sosai. Taubashiyata ce, tun muna yara lukuta nake ce mata, ita kuma ta ce min tsinken tsire, amma wannan wasan gida ne. Me zan ce wa baƙuwa? Ko da ta raha ce, in dai ba za ta ɓata abin ba.

Hajiya mai dalilin aure: Ke ƙanwata, wannan ne abin hana ido barci? Na daɗe ina haɗa aure. Ki ce "tana da jiki, tubarkalla masha Allah." In ta matsa, ki ce cikakkiyar mace ce, dirarriya. Kada ki bari ƙatuwa, jibgegiya, rusheshiya ko teɓa su fito daga bakinki, waɗannan zagi ne ko da dariya aka faɗe su. A zamaninmu amarya ta yi wata uku ba ta murje ba, mijin ake tuhuma.

Tela daga Zariya: Hajiya a yi haƙuri, dirarriya daban, mai ƙiba daban. Kullum da awo nake aiki. In aka ce dirarriya wata siffa mutum zai saka a ransa, ranar Asabar kuma ya ga an yi masa rufa-rufa. Ni "mai kumari" nake cewa, ko "kakkaura ce", ba wadda ta taɓa ɓata rai.

Wani ɗan uwa: Anti ki ce mata Kano ce, tumbin giwa, ko da me ka zo an fi ka.

Uwar 'yan biyu: Malam, wannan rahar ce take sa wasunmu kuka a ɗaki. Tun da na haifi 'yan biyu jikina ya buɗe bai koma ba. Mai adaidaita ya taɓa ce min kuɗin mutum biyu zan biya, a gaban 'yata, mutane suna dariya. Dangin miji kuma Hajiya Babba suke ce min, alhali ni ce ƙarama a matan gidan. Duk kalmar da kuke ganin ta ladabi ce, wallahi mun san abin da ake nufi. Ita yarinyar ta san ana wannan maganar kuwa?

Hajiya mai dalilin aure: Ba a gaya wa yarinya sai magana ta nuna. Haka aka gada.

Wata 'yar uwa daga Maraɗi: Ni kuma rama ce ta dame ni. Har sha-ka-fashe aka kawo min kafin aurena, na ƙi sha. Mace ba ta tsira, ko ta wane gefe.

Malamar Islamiyya: 'Yar uwa, a Suratul Hujurat aya ta 11 Allah Ya hana izgili da jifan juna da laƙabi. Nana A'isha ta nuna gajartar Nana Safiyya kawai, Annabi (SAW) ya ce ta faɗi kalmar da in aka gauraya ta da ruwan teku za ta gurɓata shi. Amma bayani don aure ba giba ba ne, malamai irin su Imam Nawawi sun halatta shi. Ƙiba kuma ba aibi ba ce, Nana A'isha da bakinta ta ba da labarin tseren da Annabi ya wuce ta bayan ta yi jiki. Ki ce tana da ƙiba, da sakin fuska, ki bar shi ya zo ya gani, kamar yadda aka umarci Mugira ɗan Shu'uba ya je ya dubi wadda zai aura.

Mai tambaya: Na gode, amma ba ku san yayar nan ba, ita ke juya gidansu. In na ce ƙiba, ba za su zo ba ma. Kuma ban yi ƙarya ba, hoton da na tura musu nata ne, na bikin ƙanina a 2021, shi ne mai kyau a wayata.

Uwar 'yan biyu: Hoton 2021? Haka jikinta yake a lokacin?

Mai tambaya: Ta ɗan ƙaru. Amma fuskar ai ita ce. Alheri nake nema mata, shekara nawa kawu yana addu'a.

Tela daga Zariya: To matsalarki ba kalma ba ce Anti. Ki tura sabon hoto, da saninta.

Hajiya mai dalilin aure: Kada ki tura komai. Ki sa ta ɗaura baƙar abaya ranar, ta yi girki, ki ce tana da jiki. Na gaya miki.

Mai tambaya: In na nemi sabon hoto za ta tambaye ni dalili, kuma ni ban shirya ba. Ga yayar nan tana sake kira, sau biyu ke nan ban ɗauka ba. "Mai kumari" ɗin nan, 'yan Kano suna gane shi kuwa?