Karin ruwa ko allurar fata?

Salamu alaikum 'yan uwa. Kanwata tana fama da ciwon Crohn (kumburin hanji), likita ya ce mu zabi infliximab na karin ruwa ko adalimumab na allurar fata. Wanne ya fi?

— Malam, infliximab sai a asibiti, awa 2 kana zaune, bayan na farko-farko duk sati 8, ni daga Kusuri nake tsallaka gada zuwa Njamena kuma wallahi kudin mota kadai ya ishe ni.

— Adalimumab a gida ake yi duk sati 2, amma dole firji, ga wutar Marwa sai a hankali, namu a kula da kankara muke ajiyewa in an dauke.

— Kowanne dai a fara gwajin tarin fuka tukuna. Allah ya ba ta lafiya.

Amin, na gode.